Sabo Da Ƙafa Aka Gina Ta: Tarihin Tafiyarmu Da Shigowar Ciwon Suga



A 1916 ne hukumar Turawa da Baale na Badun suka yanka wa Hausawa wannan fili da muke zaune a kai, aka ce kowa ya kwaso komatsansa daga gidajen Yarbawa na cikin gari ya dawo nan. A lokacin Sabo bayan gari ce. Yau kuwa, bayan shekara 100 da 'yan kai, gari ya zagaye mu ta kowane ɓangare. Idan ana ba da tarihin unguwar nan, yawanci sarakuna ake lissafawa, da masu gidan shanu da na goro, da malamai. To akwai wani tarihin da ba a cika kawo shi ba, wato tarihin tafiyar ƙasa: yadda iyayenmu suka yi ta takawa, da yadda muka daina. Abin da ya sa muka ɗauko shi shi ne ciwon suga. Da wuya yanzu ka shiga layi a Sabo ba ka samu gidan da ake shan maganinsa ba. Akwai wanda idonsa ya dushe, akwai wanda gyambon ƙafa ya kwantar, akwai wanda kuɗin wankin ƙoda ya cinye masa jari. Waɗannan labarai biyu, na tafiya da na suga, a haɗe suke.

Fatake da masu kora shanu

Tun kafin a san za a yi Sabo, kakanninmu matafiya ne. Fataken Gwanja kan tashi daga Kano da jakuna da kanwa da tufafi, madugu na gaba, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga su sayo goro, sannan su sake takowa gida. Alhaji Alhassan Ɗantata ma da wannan fatauci na Gwanja ya fara. Da Yarbawa suka shiga dashen goro a farkon ƙarnin da ya wuce, a wajejen Agege da Ota da Ifo da Shagamu, sai akalar fatauci ta juyo ƙasar Kurmi, mu kuma muka biyo ta.

Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a 1916, shekarar da aka kafa Sabo. Mutum zai ɗauka daga nan ƙafa ta huta. Ina! Jirgi ya ɗauke doguwar hanya ne kawai. Mai sayen goro sai ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ya tara, a ɓare, a wanke, a ɗaure huhu, 'yan dako su ɗauka zuwa tasha. Shanu kuwa, har bayan samun 'yancin kai wasu a tarago suke zuwa, wasu kuma korowa ake yi ta burtali, a ƙetare Kwara a Jebba, a biyo ta Ilori da Ogbomosho da Oyo. Tsakanin Kano da nan ya fi kilomita 800. Kuma mai kora shanu ba ya nawa, domin da zarar dabba ta shigo kurmi ƙudan tsando ya cije ta, sammore na jiran ta, kowace rana ramewa take yi, kuɗin mai ita na zubewa.

Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna da mutanen unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kan Sabo wanda ya fito a 1969. A ƙidayarsa mutanen Sabo 4,000 ne da 'yan kai, kuma shanun da ake sayarwa a kasuwar Badun sun kai kimanin 75,000 a shekara. Ku duba wannan adadi, ku tuna babu waya, babu babur. Kowace saniya sai dillali ya je ya gan ta, ya nemo mahauci Bayarabe, a yi ciniki, galibi bashi, sannan ya yi ta sintiri yana bin kuɗin baƙon mai gidansa. Kasuwar shanun tana wajen da yanzu ake kira Sango, sunan ma daga kalmarmu ta zango ya fito. Da ƙafa ake zuwa, da ƙafa ake dawowa, wata rana sau biyu.

Unguwar da komai nata yana kusa

Ita kanta Sabo, yadda ta zauna, ƙafa aka yi wa ita. Gidaje a manne da juna, lunguna suna ratsa su, kowane lungu ya fitar da kai wani lungun. Masallaci, makarantar allo, mai nama, mai koko da ƙosai, wanzami, tela, fadar Sarki, duk babu wanda ya kai tafiyar minti 10 daga ƙofar gidan mutum. Abin da ba ya cikin unguwa ma yana gefenta: tashar jirgi da kasuwar Dugbe, da Mokola, da filin sukuwa inda aka gina filin wasa na Adamasingba daga baya. Da aka buɗe babban asibitin UCH a 1957, shi ma da ƙafa ake zuwa dubiya. Ga Badun gari ne na tuddai, duk inda ka nufa sai ka hau ka sauka.

Har sallar Juma'a a da tafiya ce. Iyayenmu a babban masallacin gari da ke Oja'ba suke yin ta tare da Yarbawa, sai a farkon shekarun 1950, lokacin da ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwa, aka fara tsayar da Juma'a a nan Sabo. Kafin nan kowane mako dattijo kan yi ado ya taka har tsakiyar gari ya dawo.

Iyayenmu mata kuwa, ko da yake yawancinsu a kulle suke, jikinsu bai san zama ba. Surfe, daka, niƙa a kan dutse, jan ruwa a rijiya, wanki, faskare, tuƙin tuwon sayarwa a babbar tukunya. Yara su ɗauki talla su zagaye unguwa. Da dare ko ranar suna da biki, mata su yi ayari su taka gidan 'yan uwa. Babu wanda ya kira wannan duka motsa jiki. Neman abinci ne da ibada da zumunci, amma jiki yana cin ribarsa ba tare da an sani ba.

Kada mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. An sha wahala. Zazzaɓi da ƙyanda da gudawa sun kwashe yara, mata sun mutu wajen haihuwa, da yawa ba su kai shekarun da suga ke kama mutum ba, wasu kuma sun mutu da shi ba a gwada ba. Amma duk da haka alƙaluman likitoci sun nuna ciwon bai yi yawa kamar yanzu ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

A farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta sa aka yi binciken ƙasa baki ɗaya a kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe na nan Badun. Aka samu masu suga kashi 2.2 cikin 100. A 2018 wasu likitocin Nijeriya suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka samu adadin ya kai kashi 5.8. Yankin Arewa maso Yamma, inda asalin yawancinmu yake, shi ne mafi ƙaranci da kashi 3, yankin Neja Delta kuma mafi yawa da kusan kashi 10.

A Sakkwato likitoci sun gwada Fulanin ƙauye da Fulanin birni. A ƙauye masu suga ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, a birni kuwa sun haura 4 cikin 100. Jini ɗaya, addini ɗaya, harshe ɗaya, zama ne ya bambanta. Haka wani bincike da ya fito a 1997 ya kwatanta baƙar fata a ƙasashe daban-daban: a Nijeriya kashi 2, a tsibiran Karebiyan kashi 9, a Amurka da Ingila kashi 11. Waɗancan jikokin mutanen da aka kwashe daga yankinmu ne a zamanin cinikin bayi. Gado yana da nasa hannu a ciwon suga, babu musu, wanda iyayensa ke da shi ya fi zama cikin haɗari. Amma gado shi kaɗai ba zai mayar da 2 ya zama 11 ba.

Yadda muka zauna

Zaman nan bai zo mana rana ɗaya ba. Da aka samu kuɗin man fetur a shekarun 1970 aka shimfiɗa tituna, aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Badun a 1978, jirgin ƙasa ya fara lalacewa, tirela ta karɓe jigilar shanu da goro. Korar shanu daga Arewa ta zama labari. Wannan sauƙi ne, mun kuma gode wa Allah.

Sai kasuwanninmu suka fara nisa da mu. An buɗe kasuwar Bodija a 1987, harkar shanu da kayan abinci ta koma can. Daga baya aka mayar da kara Akinyele. A 2018 aka ce mahauta su koma sabuwar mayanka a ƙauyen Amosun. Bayan rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021, 'yan uwanmu masu tumatir da albasa da yawa su ma suka koma Akinyele. Sabuwar tashar jirgin da aka buɗe a 2021 tana Moniya. Duk waɗannan wurare ba a zuwansu da ƙafa daga Sabo. Mutumin da ubansa ke takawa zuwa Sango, shi sai ya shiga Micra ya zauna, ya sauka ya zauna a rumfa, ya sake shiga mota ya dawo.

Okada, wanda a gida ake ce wa acaɓa, ya bazu ne bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin SAP na 1986. Keke Marwa ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Da farko tafiya mai nisa ake hawa domin ta. A hankali sai ya zama daga bakin masallaci zuwa Mokola ma sai an ɗaga wa ɗan okada hannu. Har ta kai idan aka ga mai rufin asiri yana tafiya a ƙasa sai a fara tambaya, lafiya, ko karaya ce ta same shi? Wayar hannu ta shigo a 2001, ta kashe aike da sintirin bin bashi. Yanzu kuɗin ma daga zaune ake tura shi.

Sana'o'in cikin unguwa su ma sun canza. Tun shekarun 1980 Sabo ta yi suna da canjin kuɗi, sana'a ce mai rufin asiri, amma ta zama ce: benci, lema, waya, daga safe har magariba. Mai shago a zaune, mai POS a zaune, mai gwal a zaune. A cikin gida injin niƙa ya karɓi aikin turmi, mai ruwa ya kawo jarka har ƙofar ɗaki, gas ya kori faskare. Babu mai hankalin da zai ce matanmu su koma wahalar da, amma aikin da aka ɗauke wa jiki ba a musanya masa da komai ba.

Abinci kuma ya bi ta ɗaya hanyar. Tuwon dawa da na gero sun ja baya, farar shinkafa da burodi da taliya suka shigo gaba. Shayi da madarar gwangwani da sukari cokali uku. Baƙo ya zo, a da ruwa da goro ake tarbarsa da su, yanzu sai lemon kwalba. Ci ya ƙaru, tafiya ta ragu, tumbi ya fito, muka sa masa suna alamar hutu.

Me tafiya take yi wa suga?

Bayanin likitoci a nan ba shi da wuyar ganewa. Duk abin da muka ci mai gari, tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko rogo, ciki yana narkar da shi ya zama suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ke fitar da sinadarin insulin, shi ne kamar mabuɗin da ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka a ƙone shi. Mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke kwashe shi, manyan tsokokin jiki kuwa suna cinya da ƙwauri da ɗuwawu. Idan mutum ya daɗe yana zaune, kitse ya taru a ciki da hanta, sai ƙofofin su yi tsatsa, mabuɗi ya daina buɗewa da kyau. Suga ya rasa wurin shiga ya yi ta yawo a jini, yana cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali, shekaru kafin mutum ya ji wani ciwo.

Hikimar Allah, tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin bai isa ba, kuma bayan an gama tafiyar ƙofofin kan ci gaba da buɗewa cikin sauƙi har kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa tafiyar kullum ta fi gudun rana ɗaya a wata.

An gwada wannan a aikace. A Amurka an ɗauki mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, aka kasa su. Wasu aka ba su ƙwayar metformin, wasu aka sa su tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako tare da rage cin abinci don su sauke ƙiba kaɗan. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna ƙwayar ta rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, tafiya da gyaran ci kuwa sun rage da kashi 58. A ƙasar Niyu Zilan kuma, a 2016, an gwada masu ciwon suga aka ga tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci ta fi sauke suga a kan tafiyar minti 30 a lokacin da mutum ya ga dama, kuma amfanin ya fi fitowa bayan abincin dare.

Darasin baƙin Toronto

Sai dai gaya wa mutum ya yi tafiya abu ne mai sauƙi. Yin ta kullum, shekara da shekaru, ya danganta da inda yake zaune. A nan ne binciken ƙasar Kanada ya shafe mu. A lardin Ontariyo masana sun auna unguwanni kusan 9,000, suka jera su bisa sauƙin tafiya a ƙasa: yawan jama'a, yadda layuka ke haɗuwa da juna, da yawan shaguna da makarantu da wuraren buƙata da mutum zai kai cikin minti 10. Suka bi lafiyar mazauna daga 2001 zuwa 2012. A unguwannin da suka fi daɗin tafiya, sababbin masu kamuwa da suga sun ragu daga 7.7 zuwa 6.2 cikin kowane mutum 1,000. A unguwannin da sai da mota, adadin bai sauka ba, ƙiba kuma ta ƙaru.

Wani binciken na birnin Toronto da ya fito a 2013 ya duba baƙi sababbin zuwa, mutane irinmu da suka bar gida neman arziki. Baƙon da ya sauka a unguwar da ba ta tafiyuwa, haɗarin kamuwarsa da suga ya ɗara na wanda ya sauka a unguwa mai tafiyuwa da fiye da rabi, talauci kuma yana ƙara tsananta abin. Masanan nan sun kuma gano cewa inda hayaƙin motoci ya yi yawa, amfanin tafiyar yana raguwa.

To jama'a, ku sake karanta abubuwan da suka auna: gidaje kusa da juna, layuka masu haɗuwa, buƙatu a kusa. Ai siffar Sabo ce suka zana. Abin da Turawa ke kashe maƙudan kuɗi su mayar da biranensu, mu gadonsa muka yi tun 1916. Waɗanda Allah ya buɗa wa a cikinmu suka yi gini a sababbin unguwannin bayan gari, gida da katanga da get, sun samu sarari da iska, amma ko burodi za a saya sai an tayar da mota.

Abin da ke cinye lungunanmu

Gadon nan fa yana zubewa muna kallo. Mai shago ya ƙara rumfa taku biyu cikin hanya, maƙwabcinsa ya ga haka ya ƙara uku. An dasa kwantena a bakin lungu, an ajiye janareto a inda mutane ke bi yana feso hayaƙi. Motar da ta mutu shekara biyu tana nan ta tare rabin layi. Lambatu a buɗe, marfinsa ya karye ba a mayar ba, da damina ruwa ya cika shi ba a gane hanya da rami. Wani lungun ma an toshe shi ɗungurungum an shigar da shi cikin gida. 'Yan okada suna kutsawa har inda mutum biyu ba sa iya gittawa. Manyan titunan da suka kewaye mu kuwa, mota aka yi wa su. An gina gadar sama ta Mokola a 2013, motoci sun samu sauƙi, amma dattijo mai sanda da zai tsallaka titi har yanzu da addu'a yake tsallakawa.

Wa ya fi cutuwa? Matashi zai yi tsalle ya wuce. Tsoho da tsohuwa, da mai ciki, da mai ƙiba, da wanda suga ya riga ya taɓa masa ido ko ƙafa, su ne ke cewa bari dai in zauna a gida. Wato waɗanda suka fi buƙatar tafiyar su muka fara korowa daga hanya. Addininmu ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma ba hanya haƙƙinta. Wanda ya ci taku biyu na hanya ya sani ba gwamnati kaɗai ya ci wa ba.

Mu da ke jan salla akwai lissafin da ya kamata mu riƙa yi wa mamu. Idan tsakanin gidanka da masallaci tafiyar minti 3 ce, zuwa da dawowa sau biyar minti 30 ke nan a rana, 210 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta nema a mako. Ana zuwa salla da natsuwa kamar yadda aka umarce mu, amma a dawowa babu laifi mutum ya ɗaga ƙafa, ya zagaya ta layin baya. Isha'i kuma ga ta bayan tuwon dare, daidai lokacin da masu bincike suka ce tafiya ta fi amfani. Mun san labarin Banu Salima, mutanen Madina da suka so su taso su dawo kusa da masallaci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu ladan takunsu. Yanzu kusan kowace ƙofa da shimfiɗar sallarta. Mai rauni da mai gadin kaya suna da uzuri, amma mai lafiya ya riƙa takawa zuwa babban masallaci ko da sau biyu ne a rana, ya haɗa riba biyu.

Abin da ya rage mana

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na okada suka tashi, mutane da yawa sun koma takawa ba don suna so ba. Tsadar ta yi mana ciwo, amma ta tuna mana cewa Dugbe da Mokola da UCH ba su matsa ko'ina ba, suna nan inda iyayenmu suka bar su. Kada ranar da aljihu ya yi nauyi mu sake mantawa.

Akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba. Fadar Sarki da masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa su zagaya su ƙidaya lungunan da suka rage, a yi yarjejeniya cewa ba za a sake toshe ko ɗaya ba, wanda ya shigo hanya a roƙe shi da mutunci ya ja baya. Kowane layi ya yi karo-karo a rufe lambatu, a sa fitila mai aiki da hasken rana, domin mata su iya zuwa makarantar dare da gidan 'yan uwa da ƙafa cikin aminci. A keɓe ƙananan lunguna da okada ba zai shiga ba. Magidanta mu sani, matar da ta wuni tsakanin ɗaki da madafa ita ma jikinta na buƙatar tafiya. A bar su su je Islamiyya da dubiya da ƙafa, su biyu su uku. Abin da ya fi ƙarfinmu, kamar wurin tsallaka manyan tituna da gefen hanya na masu tafiya, mu kai wa kansila da ƙaramar hukuma da murya ɗaya, mu kuma tuna musu idan sun zo neman ƙuri'a.

Sannan a yi gwaji. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da tumbi, ko akwai suga a gidansu, ko macen da suga ya taɓa hawa mata lokacin ciki, ya je a gwada shi da safe kafin ya karya. Ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, kuma a nan ne tafiya da rage ci suka fi yin aiki. Idan ya kai 126 ko ya wuce, aka sake gwadawa aka samu haka, ciwon ya shigo, sai a ga likita. Yawan fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta ƙarewa, rama ba dalili, da ciwon da ya ƙi warkewa, duk alamu ne da ba a zama da su.

Wanda kuma yake kan magani kada ya ajiye shi ya ce tafiya ta wadatar. Ya yi shawara da likitansa, musamman mai yin allurar insulin, domin suga kan iya faɗuwa ƙasa a hanya; ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda jiri da rawar jiki. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ya sa wanda bai matse shi ba, ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum. Lokacin alwala ya isa wannan dubawa, a kuma tsane ƙafar sosai bayan an gama.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Iyayenmu ba su bar mana rijiyar mai ba. Sun bar mana suna a kasuwa, da masallatai, da unguwar da yaro da tsoho za su iya biyan buƙatarsu a cikinta da ƙafa. Kasuwannin da suka tafi Akinyele ba za su dawo ba, amma lungunan da suka rage suna hannunmu, kuma abin da muka yi da su a 'yan shekarun nan shi 'ya'yanmu za su tarar.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka tako daga Arewa suka kafa wannan wuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare masu lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.